Karatun namun daji a jami'a: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Shekara biyar kenan da na shiga sashen gandun daji da kula da namun daji a wata jami'a nan arewa, kuma tun ranar ban huta da tambaya ba, a gida, a majalisa, a wajen ɗaurin aure, har mai shayin layinmu sai da ya tsare ni wai in gaya masa tsakani da Allah ko an taɓa sa mu mun shiga kejin zaki. Yanzu kuma ga ƙanne masu shirin cike JAMB sun ƙaru a kai. Shi ne nace bari in tattara tambayoyin waje ɗaya in amsa, duk wanda ya sake tambayata sai in ce je ka karanta.

Wai me ake koya muku ne, kama dabbobi?

A'a. Ni dai a shekara biyar ɗin nan dabbar da na fi taɓawa da hannuna ita ce sauro. Abin da ake koya mana shi ne yadda za ka san wace dabba ce ke zaune a wani daji, guda nawa ne, me suke ci, ina suke shan ruwa da rani, suna ƙaruwa ne ko raguwa, in raguwa suke me ke cinye su. To kafin ka kai ga dabbar sai ka san gidanta, shi ya sa zaka sha karatun itatuwa da ciyayi da ƙasa da yanayi har sai ka fara tunanin ko kwas ɗin aka canja maka. Sunayen itatuwa na Latin kam mun haddace su kamar karatun allo, kuka, gawo, marke, ɗorawa, kaɗanya, kowanne da sunansa mai karya harshe. Sai dokokin gandun daji, da zanen taswira, da lissafi, da yadda ake zama da mutanen ƙauyen da ke gefen daji, wannan na ƙarshen a aji ana wuce shi da sauri amma a fili shi ne rabin aikin.

A ina ake yi, kuma me ake buƙata?

A arewa akwai shi a Bayero ta Kano, da Modibbo Adama ta Yola, da jami'ar Maiduguri, da jami'o'in tarayya na Dutse da Dutsin-Ma, yawanci a haɗe yake da karatun gandun daji a ƙarƙashin tsangayar noma. A kudu jami'ar Ibadan ta daɗe tana yinsa. Shekara biyar ne, aji huɗu kusan duk firaktikal ne. A JAMB Turanci da Kemistiri da Bayoloji ko Agirik, sai Lissafi ko Fiziks, amma don Allah ka buɗe littafin JAMB na shekarar da zaka zana ka duba da idonka, kar ka ce ni na gaya maka. Wanda kuma difloma yake so akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji a New Bussa jihar Neja, dab da dajin Kainji, su kam dajin na bayan ɗakinsu, kuma 'yan can da suka shigo mana aji biyu sun fi mu sanin sawun dabba nesa ba kusa ba.

Kai ka zaɓa ko ba ka aka yi?

Ba ni aka yi. Likitanci na cike kamar kowa. A ajinmu in ka ce wanda ya zaɓi kwas ɗin da kansa ya ɗaga hannu, hannuwan ba zasu cika biyar ba. Na yi shekara guda ina neman hanyar canji, har sai da aka kai mu Yankari a aji biyu na ga garken ɓauna sun tsallaka hanya a gabanmu da sassafe, ƙura na tashi, direba ya kashe mota kowa ya yi tsit. Daga ranar na bar zancen canji.

Ba ɗaya kuke da likitan dabbobi ba?

Likitan dabbobi yana duba dabba ɗaya da ke gabansa ba lafiya. Mu garken gaba ɗaya muke kallo da dajin da suke ciki, in gwanki ɗaya ya mutu ba lallai ya dame mu ba, in kuma shekara uku a jere ba a ga 'yan maruƙa a garken ba to nan hankali ke tashi. Ana dai haɗuwa, misali in za a sa wa giwa abin wuya mai nuna inda take, likita ne zai harba mata allurar barci.

Na tsani lissafi, zan tsira?

Ba zaka tsira ba, gara in gaya maka tun yanzu. Dabba ba ta tsayawa a layi ka ƙirga ta. Giwa ma da girmanta sai ka yi sati a daji baka sa ta a ido ba, saboda haka kashinta ake ƙirgawa, eh kashi, a ja layi miƙaƙƙe a cikin daji ka bi shi da ƙafa, duk tulin da ka gani ka auna nisansa da layin ka rubuta, sannan a haɗa da sau nawa giwa ke kashi a rana da kwana nawa yake ɗauka kafin ya ruɓe, daga nan a fitar da kiyasin yawansu. Wannan duk lissafi ne. Kawuna da ya ji haka sai da ya yi salati, yace yanzu duk kuɗin makarantar da ake biya ashe kashin giwa kake ƙirgawa. Akwai manhajoji biyu na kyauta, R ta lissafi da QGIS ta taswira, duk wanda ya iya su ya wuce sa'anninsa, kuma maganar gaskiya a difatmen ɗinmu ba a koya mana su yadda ya kamata ba, kwamfutocin ma rabi sun mutu, a YouTube na koya da datar dare.

Ya zaman daji yake?

Ba kamar na talabijin ba ne ko kaɗan. Abin da kuke gani na minti arba'in ɗin nan mutane sun yi watanni suna zaman jira kafin su haɗa shi. Na gaske shi ne tashi kafin asuba, sallah, shayi in an samu, sai tafiya, but a ƙafa, gora a baya, takardar cike bayanai a hannu, ƙudan tsando na cizonka ta cikin riga. Tsandon nan yana son baƙin kaya da shuɗi, wanda ya zo da baƙar riga ranar farko bai ƙara sa ta ba. Sai ka yi awa biyar abin da ka gani gada ɗaya ce da sawun kura, ka rubuta, gobe ka koma. Ranar da baka ga komai ba ita ma rubutawa ake, babu ɗin ma bayani ce.

Firaktikal ɗina na aji huɗu a Yankari na yi wani ɓangarensa. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka keɓe shi, ya zama na tarayya a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Da rani dabbobi duk gangarowa suke bakin kogin Gaji saboda ruwa, shi ya sa lokacin aka fi ganinsu, ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, mugun dawa, dorina, da damina kuwa ciyawa ta fi ka tsawo sai dai ka ji motsi. Da yamma mu faɗa ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ke nan wajen digiri 31 rani da damina. Gwaggon biri kuma su ne 'yan daban wajen, ɗaya ya fizge min ledar burodi a hannu ina kallonsa yana kallona, ya hau katanga ya zauna ya ci abinsa a nutse.

Amma abin da ya fi zauna min ba dabbobin ba ne, tsofaffin malaman dajin ne. Akwai wani baba da bai yi boko mai nisa ba, ya duƙa ya kalli ƙasa yace nan kanki uku suka wuce jiya da daddare, ɗaya na ɗingishi. Ni da GPS ɗina da lebul huɗu ɗina ban ga komai ba sai ƙasa. Tun daga nan na koyi rufe baki in ina bayansu.

Ba hatsari? Hajiya ta ce zaki zai cinye ni.

Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, zakunan da suka rage a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji kawai, akwai ma'aikatan da suka shekara da shekaru ba su yi ido biyu da shi ba sai a hoton kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace. Abin tsoron na gaske zazzaɓin cizon sauro ne, da kububuwa, da ƙishirwa, da ƙudan zuma, sai ɓauna in ta ji rauni, sai uwa uba ɗan adam mai bindiga. Wannan ba zan ɓoye maka ba. Sambisa da kake ji asalinta gandun namun daji ce. Kamuku ta Birnin Gwari ba inda malami mai hankali zai tura ɗalibi yayi furojet a shekarun nan. A Nijar ma a watan Agusta 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure. Saboda haka kafin ka zaɓi wajen bincike tsaro ake fara tambaya, ba dabba ba, kuma ba a shiga daji sai da izini da rakiya.

Namun dajin ma sun rage ne da za a yi digiri a kansu?

Ai raguwar ce ta sa ake digirin. Ka tambayi kakanka, zai ba ka labarin barewa a bayan gari da kura na kuka da daddare da jimina a arewacin Borno. Gauraka da ake sa ta a waƙa da kirari, yau kusan ta ɓace daga Najeriya, yaran yanzu sunan kawai suka sani. Amma ba komai ya tafi ba. Gashaka Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa shi ne gandu mafi girma a ƙasar, sama da murabba'in kilomita 6,000, akwai birin chimpanzi a ciki, nan ne kuma dutsen Chappal Waddi mafi tsawo a Najeriya yake. Giwayen Yankari na nan. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru duk hunturu tana cika da tsuntsayen da suka taso tun daga Turai suka tsallako Sahara, tsuntsun da bai fi tafin hannunka ba.

Kuma abin da ke sa ni ban karaya ba labarin maƙwabtanmu ne. Raƙuman dawa na Nijar, waɗanda su kaɗai suka rage na irinsu a duniya, a 1996 saura 49 kacal. Aka hana kashe su, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin harkar, samari suka zama 'yan rakiyar baƙi suna samun na kashewa, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Kuma ba a cikin shinge suke ba fa, cikin gonakin mutane suke yawo suna cin ganyen gawo, wani lokacin har waken mutane.

Mutane na fama da yunwa ku kuna ta dabbobi, ba rainin hankali ba ne?

Wannan tambayar ita na fi sha, kuma bana jin haushinta don akwai gaskiya a ciki. Manomin da giwaye suka shiga masararsa dare ɗaya suka tashi aikin shekara, in ka je kana masa lakca kan muhimmancin giwa ya zage ka to ka ci zagin, kai ka jawo. Giwa babba na iya cin kilo 150 a rana. Duk kare dabbar da zai bar mutumin gefen daji da asara ba zai ɗore ba, ranar da ka juya baya zai sa guba.

Amma ka dubi ungulu. Da duk mayankar da ka je zaka gansu jingim a kan rufi, yanzu yaushe rabonka da ganin ɗaya? An kashe su da guba, an kai kawunansu kasuwa ana sayarwa masu tsibbu da bokaye, tun 2015 aka sa irin ta garinmu a jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. To wa ke kwashe mushe yanzu? A Indiya da ungulayensu suka mutu sama da kashi 90 cikin ɗari saboda wani maganin shanu mai suna diclofenac, karnukan titi ne suka maye gurbinsu, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Tsuntsuwar da muke zagi da ƙazanta ashe ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi.

Ko fadamar Nguru ɗin. Da aka gina madatsar Tiga da ta Challawa ambaliyar da ke shayar da fadamar ta canja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan baki ya samu maɓoya yana cinye shinkafa da gero. Wanda ya fara kuka ba tsuntsun Turai ba ne, masunci ne da manomi da makiyayi. Ruwan da dinya ke buƙata shi ɗin ne dai mai kamun kifi ke buƙata.

To mafarauta da makiyaya abokan gabarku ne kenan?

Da haka na ɗauka. Yanzu na gane in babu Sarkin Baka da mai gari da arɗo a cikin magana to ɓata takarda kawai kake. Da yawan ƙwararrun masu gadin daji tsofaffin maharba ne, su suka san inda ake ɗana tarko tunda su ke ɗanawa da. Makiyayi kuma da aka nome masa burtali aka gine masa mashaya, ina kake so ya kai shanun in ba cikin gandu ba? Wannan ba ya nufin a bar kowa ya yi yadda ya ga dama, masu safarar hauren giwa da ɓawon ɗankunya, dabbar nan mai sulke da ke naɗe kanta in ta ji tsoro, zuwa Asiya ba yunwa ce ke korarsu ba, manyan 'yan kasuwa ne, kuma an haramta cinikin ɗankunya tsakanin ƙasashe tun 2017. Su kam kotu ce maganinsu.

Mu zo kan magana: akwai aiki? Akwai kuɗi?

Aikin akwai amma ba shi da yawa, kuɗin kuma in arziki kake nema da sauri ka je kasuwar Kwari. Akwai hukumar gandayen daji ta ƙasa masu sa kaki, akwai ma'aikatun muhalli na jihohi, da cibiyar binciken daji ta FRIN, da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da gidajen zu, da koyarwa. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandaye goma har da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina da fadamar Haɗeja, in an tsaya an yi su da gaske za a buƙaci mutane. Sai ƙungiyoyi masu zaman kansu na kare namun daji irin NCF, da WCS da ke aiki a Yankari da Kuros Riba, da ANI a Gashaka. Sai kamfanonin da ke binciken tasirin manyan ayyuka kan muhalli kafin a gina titi ko madatsa, su ma suna neman wanda ya san tsuntsaye da itatuwa ya kuma iya rubuta rahoto.

Gaskiyar da ba a faɗa a aji ita ce satifiket ɗin shi kaɗai ba ya ɗaukar mutum. Waɗanda na ga sun samu shiga cikin waɗanda suka riga mu, duk sai da suka yi aikin sa kai tun suna ɗalibai, suka san mutane, suka ƙware a abu ɗaya. Yawanci kuma sai da mastas. Wajen da kowa ke hari shi ne APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta jami'ar Jos da ke dajin Amurum kusa da Laminga, suna ɗaukar mutane kaɗan duk shekara daga ƙasashen Afirka ta Yamma, gasar kuma da zafi. Ni ma can na sa ido, ku sa ni a addu'a. Wanda ya iya Faransanci kuwa ƙofarsa biyu ce, ga makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru, ga Nijar, ga gandun dajin Zakuma a Chadi. Sauran 'yan ajin kuma wasu banki, wasu kiwon kaji, wasu POS, kamar kowane kwas.

Mace za ta iya?

Wadda ta fi kowa maki a ajinmu mace ce, kuma ranar da muka yi tafiyar kilomita goma sha da hijabinta da but ɗinta ta riga maza da yawa isa. Matsalar ba ƙarfi ba ce, amincewar gida ce da wajen kwana mai mutunci a fili, waɗannan kam sai an zauna da su Abba an yi magana. Kuma akwai aikin da namiji ba zai taɓa iya yi ba: matan ƙauye su ke ɗebo itace da kaɗe da ganyen magani, sun san dajin ciki da bai, ni kuma ba zan shiga cikin gida in yi hira da su ba.

Addini fa, ya yarda da wannan?

Ni ba malami ba ne, amma ayar suratul An'am da ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu kowa ya santa, haka hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Keɓe daji ma ba Turawa suka fara kawo shi ba, akwai hima, wato filin da ake keɓewa a kare shi, tun zamanin Manzon Allah (SAW) a kusa da Madina. In muka je faɗakarwa ƙauye, huɗubar liman ɗaya ta fi fastocinmu ɗari aiki.

Ina sakandare, me zan fara yi tun yanzu?

Sayi littafin rubutu na naira kaɗan ka fara rubuta tsuntsayen unguwarku, da rana da wata da waje. Ranar da shamuwa ta fara sauka a garinku bana ka rubuta, baɗi ma ka rubuta, shekara biyar ka tara abin da wani mai digiri bai da shi. Ka zauna da tsofaffi ka kwashi sunayen dabbobi da itatuwa na Hausa da Fulatanci kafin su tafi da su, ni har yau takaicina kenan, na san sunan tsuntsu da Latin amma in baba ya kira shi da Hausa sai in tsaya ina zare ido. In kana da waya akwai manhajar Merlin ta gane tsuntsaye da eBird ta ajiye abin da ka gani, akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da 'yan sa kai ke yi, 'yan arewa ma na da tawagarsu, ba sa tambayar digiri. Ka gyara Turancinka na rubutu, don tallafin bincike irin na gidauniyar Rufford da rubutu ake cinsa. Ka kuma koyi tuƙa babur.

Tsakaninka da Allah, kana cin naman daji?

Na ci da, ba zan yi ƙarya ba, wa ya tashi a ƙauye bai ci zomo da gafiya ba. Gafiya da gyazbi suna haihuwa kamar me, ba su ne damuwata ba, sai dai a kiyayi ɓeraye saboda zazzaɓin Lassa, a kuma daina cinna wa daji wuta saboda su. Amma gada ko mazo ko duk abin da na san daga cikin gandu ya fito, na daina. Ranar sallar bara wani abokin Baba ya aiko mana da ƙyafaffen naman barewa, na ƙi ci, Hajiya tace to malamin daji sai ka tashi ka ba mutane waje, ƙannena suka cinye rabona ina zaune ina cin tuwo da miyar kuka.